Na Nawa Ya Zo?

Ranar da makarantun firamare suka ba da hutun ƙarshen zango, unguwarmu ba ta da wata hira sai ta sakamako. Tun da hantsi za ka ga yara sun ɓarko daga lunguna, kowa da takardarsa, wani yana ɗaga tasa sama kowa ya gani, wani ya ninke ta ya cusa a aljihu. Kafin su kai gida an tare su a hanya. Mai kanti ya leƙo, tela ya tsayar da keke, tsohuwa mai ƙosai ta ɗago kai daga kasko, tambayar kowa iri ɗaya: "Kai, na nawa ka zo?" In ya ce na ɗaya, a shafa kansa, a ba shi alewa, a ce ai gado ya yi. In ya ce na talatin da biyar, a ce, "Allah Ya shirye ka, wasa ya yi maka yawa." Shi ke nan, an gama binciken karatun wata uku a numfashi ɗaya.

Haka muke, kuma ba rashin kula ne ya jawo ba. Duk wanda ya ce mutanen unguwarmu ba sa son karatun 'ya'yansu, bai zauna da mu ba. Akwai mai gyaran babur da ke ƙuntata wa kansa wata guda cur don ya cika kuɗin makaranta. Akwai matan da in sun ɗauki adashi, sai sun sayi yunifom da takalmi da jaka kafin su tuna da zanen ɗaurawarsu. Da asuba uwa ta tashi ta dama koko, ta yi wa yara wanka, ta shafe su da mai, ta ba kowa kuɗin tara. Ɗawainiya kam muna yi. Abin da ya rage mana shi ne mu san abin da ɗawainiyar ta haifar, mu san ko yaron nan da ya shekara uku yana sintiri tsakanin gida da makaranta zai iya ɗaukar takarda ya karanta mana layi biyu.

Ita lambar da muke tambaya, na ɗaya a cikin su wa? In aji ne mai yara tamanin, kuma babu wanda ya iya haɗa baƙi da wasali, ai dole wani ya zo na ɗaya, wani ya zo na tamanin. Lamba tana nuna wanda ya fi wani, amma abin da ke cikin kan yaro ba ruwanta da shi. Sau da yawa a jarrabawar 'yan aji ɗaya da aji biyu, malam ne ke karanta tambaya, ya karanta amsoshi, yara su zagaye wadda suka ji ya ɗan danna murya a kanta. Wasu masu makarantun kuɗi kuwa sun san halinmu sarai. Sun san in aka rubuta wa yaro ya faɗi, zango mai zuwa uban zai ɗauke shi ya kai makarantar bayan layi. Don haka kowa ya ci, wannan saba'in, wancan tamanin, mu kuma mu karɓa mu yi hamdala.

Sai littafin rubutu. Uwa ta buɗe jaka ta ga shafi ya cika fal, malam ya bi shi da jan biro ya ce ya yi daidai, sai ranta ya yi fari. Alhali yaro yana iya kwafe allo kaf, ya zana haruffan yadda ya gan su, bai san abin da suke faɗa ba. Nuna masa kalma guda a tsakiyar shafin da ya rubuta da hannunsa, ka ce, "Mene ne wannan?" Nan za ka ga ya koma kallon rufin ɗaki.

Uwa-uba Turanci. In baƙo ya zo sai a ƙwala wa ƙaramin kira: "Zo ka gaida kawunka da Turanci." Ya zo ya ƙame, ya rero abin da aka haddace masa, ya jero ranakun mako da watannin shekara, wani ma har jihohi 36 da manyan biranensu. Kawu ya zaro ɗari biyu ya miƙa masa, ya ce, "Lallai makarantar nan ana karatu." Hadda baiwa ce, kuma Allah Ya ba yaranmu kaifinta. Sai dai wanda ya haddace watanni goma sha biyu ba lalle ne ya gane sunan wata ɗaya a rubuce ba. Ga kalanda nan rataye a bangon falo, amma ba wanda ya taɓa ce masa ya nuna watan da ake ciki.

Ga kuma gaggawa. A tsarin ilimin ƙasar nan, da shekara 6 ake shiga aji ɗaya, shekara 6 kuma ake yi a firamare. Mu kuwa ɗan shekara huɗu muke so mu gani a aji ɗaya. In ya nuna ɗan kuzari sai mu je mu roƙi hedimasta a tsallake masa aji. Daga aji biyar, wasu ma daga aji huɗu, a yi masa rajistar jarrabawar shiga sakandare, har ta kai makarantun kuɗi da yawa ba su da aji shida ko kaɗan. A gidan suna za ka ji wata tana cewa, "Ni tawa da shekara tara ta shiga sakandare." Ta kusa da ita ta ce, "Ma sha Allah, Yaya, wace makaranta ce? Ni ma can zan mai da nawa." Kafin nan ma an yi bikin yaye yaro daga nazare, an saka masa doguwar riga da hula mai tuntu, an ɗauki hoto, an raba shinkafa a robobi. Farin ciki halal ne. Amma cikin masu cin shinkafar nan, mutum nawa ne suka tambayi ko mai hular ya san baƙaƙen sunansa?

A majalisarmu ta bayan la'asar akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Shi ba ya tambayar kowa lamba. In yaro ya zo wucewa ya durƙusa ya gaida mutane, sai ya yafito shi, ya zaro katin ɗaurin aure daga aljihu, ya ce, "Ɗan nan, karanta mini wannan, idona ya yi rauni." Da dabarar nan tasa muka ga abin da ya sanyaya mana jiki. Ɗan aji huɗu da aka ba kyautar na biyu ya tsaya cak a kan kalmar farko. Wata yarinya 'yar aji biyu, wadda takardarta ta ce ta zo ta ashirin da wani abu, ta sa yatsa tana bi gaɓa-gaɓa, sannu a hankali, har ta kai ƙarshen layi, ta kuma faɗi ranar ɗaurin auren da masallacin da za a yi.

Mahaifin yaron yana zaune a wurin. Ya ce, "Haba Malam, ai su ba Hausa ake koya musu ba, makarantar Turanci ce."

Malam ya ce, "To Alhaji, ga kwalin magani, Turanci ne a jikinsa. Bismillah."

Yaro ya kira sunayen haruffa ɗaya bayan ɗaya, tiryan-tiryan, amma haɗa su su ba da kalma ya gagara. Malam bai yi dariya ba, bai kuma bari kowa ya yi ba. Ya dafa kafaɗar yaron ya ce, "Alhaji, ɗanka yana da kai. Sunan haruffa aka koya masa, ba a koya masa sautinsu ba. In aka samu mai zama da shi kullum, kafin a koma hutu za ka ga canji."

Abin da Malam ya gani a kan dakali, masu bincike sun auna shi. A 2013 an yi wa yaran aji biyu da aji uku gwajin karatu a jihohin Bauchi da Sakkwato. Zaunar da yaro ake yi shi kaɗai, a ba shi gajeren labari da Hausa, a ƙirga kalmomin da ya karanta cikin minti ɗaya. Mafi yawansu ko kalma ɗaya ba su iya fitarwa ba. A 2022 kuma Bankin Duniya da UNICEF da abokan aikinsu suka ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, yara 7 cikin 10 'yan shekara 10 ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Da yawa daga cikinsu kullum suna zuwa makaranta. Mun saba jin zancen miliyoyin yaran da ba sa zuwa, kuma zance ne mai nauyi. Na cikin ajin ma suna da tasu damuwar, sai dai ba a cika faɗarta ba, saboda duk wanda aka gani da yunifom ɗauka ake yi karatu yake.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976, zuwa shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, zuwa dokar 2004 da ta ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, babban ƙoƙari ya tafi ne wajen shigar da yara aji. A Kano an ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, aka zo 2024 aka kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Yara sun shiga, alhamdu lillahi. Amma manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya ga yara 35, mu kuwa mun san azuzuwan da yara suka haura ɗari, wasu a kan benci, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga. Malami ɗaya ba zai iya jin karatun yara ɗari ɗaya bayan ɗaya ba, ko da ya so. Abin da zai iya shi ne ya faɗa su amsa gaba ɗaya, murya ta cika makaranta, mai wucewa ya ce ana karatu. A cikin amsa-kuwwar nan wanda bai gane ba yake ɓuya. Shekara ta ƙare a ce kowa ya wuce gaba. Daga aji huɗu kuwa littattafai ba sa jiran kowa. Lissafi ya koma tambaya a rubuce, kimiyya a rubuce, jarrabawa a rubuce. Yaron da ya bar aji uku bai iya karatu ba, duk darasin da ya biyo baya wucewa zai yi ta saman kansa, har ya gaji ya ce shi boko ba nasa ba ne.

Abin mamaki, mun fi kowa sanin yadda ake bin karatun yaro. A duba makarantar allo. Yaro yana farawa da babbaƙu ya san baƙaƙe, ya shiga farfaru ya san wasula, sannan ya fara haɗawa. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Ba a wanke allo sai yaro ya zo gaban malam ya biya, malam ya ji da kunnensa ya gamsu. Wanda bai iya ba ya koma ya maimaita, ba wanda zai ce an ci mutuncinsa, ba kuma uban da zai zo ya roƙi alaramma a tsallake wa ɗansa sura. A gida ma tambayar da muke yi daban ce: "Ina ka tsaya? Biya mini in ji." Uba ya kashe kunne, in an yi tuntuɓe ya gyara. Yaron nan dai shi ne ke zuwa boko da safe. Me ya sa da yamma muke cewa ya biya mana, da safe kuma lamba ta ishe mu?

Masu gyaran ilimi ma nan suka dawo. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta fito da tsarin koyar da yaro daga inda ya tsaya. A gwada kowa, a raba su rukuni-rukuni, waɗanda ba su san harafi ba, waɗanda suka san harafi, masu karanta kalma, masu karanta labari, ba tare da duba ajin da suke ba. An gwada tsarin a Kano daga 2019, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, a kan yaran aji huɗu zuwa shida da tushe ya wuce su. A Bauchi da Sakkwato an yi shirin Mu Karanta, a Katsina da Zamfara an yi RANA, duka biyun suna koya wa 'yan aji ɗaya zuwa uku karatu da Hausa, daga sautin harafi zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa kalma.

Maganar Hausa ita ce ke tayar da gardama a majalisa. Kullum sai wani ya ce, "Ni na kai ɗana makaranta don ya koyi Hausa? Ai da ita aka haife shi." Gaskiya ne da ita ya tashi, kuma dalilin da ya sa karatu ya fi saurin kama shi da ita ke nan. Rubutun Hausa yadda aka rubuta haka ake faɗa. Wasula biyar ne, in yaro ya riƙe su, ya san sautin baƙaƙe har da masu lanƙwasa irin ɓ da ɗ da ƙ, to ba, be, bi, bo, bu sun zama nasa, kuma in ya haɗa ya ji "baba" ko "tuwo" ya fito daga bakinsa, ya san abin da ya karanta. Turanci kuwa harafi ɗaya yana iya ba da sauti uku, ga shi yaro bai san ma'anar kalmar ba ko ya furta ta daidai. Nauyi biyu ke nan a kan ɗan shekara shida. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. Tun kafin nan, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Manufa takan sauya daga gwamnati zuwa gwamnati, amma yadda kan yaro ke ɗaukar karatu bai sauya ba. Iyayenmu da suka yi elementare da littafin Ka Koyi Karatu suka fara, suka kai ga Magana Jari Ce, su ne masu karanta wa mutanen gari Gaskiya Ta Fi Kwabo, su ne masu rubuta wasiƙa. Turancinsu kuma har yau ana sha'awarsa. Turanci dole ne a ƙasar nan, kowa ya sani. Yaron da ya riga ya iya karatu da harshensa ya fi saurin kama shi.

Lissafi ma haka. Ga yarinya mai tallan awara, a ba ta ɗari biyar a sayi na ɗari uku da hamsin, kafin ka rufe baki ta miƙo ɗari da hamsin. A rubuta mata 500 a ɗebe 350 a kan allo sai ta daburce, a ce ba ta da ƙwaƙwalwar lissafi. Lissafin yana kanta, ba a dai haɗa mata shi da lambobin takarda ba. Da ƙwallayen dabino, da marafan kwalba, da tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma, ana koya wa yaro tarawa da ɗebewa a tsakar gida, ba sai an sayi komai ba.

Mu ma akwai abin da muke yi a gida da ke mai da hannun agogo baya. In an ba yaro aikin gida, sai uwa ta ce, "Ke, yi wa ƙaninki ya huta da kuka." Yaya ta yi tsaf, malam ya ga daidai, ya ɗauka an gane. Ga fashi. Yau ranar kasuwa, gobe biki, jibi a bar yarinya ta yi raino, da damina gona, ga zazzaɓin sauro da ke kwantar da yaro mako guda. Ɗan aji ɗaya in ya rasa makon da aka koyar da wasu haruffa, ba mai komawa ya koya masa su. Wani kuma da yunwa yake zama, wani ba ya ganin allo sosai daga baya, wani kunnensa ne ke ruwa tun yana goye. Duk sai mu tara su a suna ɗaya, mu ce daƙiƙi, mu bi da bulala. Yaron da ke rawar jiki don tsoro ba ya iya haɗa baƙi da wasali. Sannan mu maza, yaushe rabonmu da taka makarantar? Sai in an doki yaro, ko an aiko neman kuɗi. Taron iyaye da malamai mun bar wa mata da 'yan tsirarun dattawa.

An taɓa tambayar Malam, "To mu da ba malamai ba, yaya za mu gane yaro yana tafiya daidai?" Ya ce abin ba shi da wuya. Ƙarshen aji ɗaya ya kamata yaro ya san sautin haruffa, ya haɗa gaɓa biyu su ba da kalma, ya rubuta sunansa. Ƙarshen aji biyu ya karanta gajerun jimloli, ya tara ya ɗebe ƙananan lambobi. Ƙarshen aji uku ya karanta ɗan labarin da bai taɓa gani ba, ya rufe takarda ya ba ka labarin da bakinsa. In bai kai nan ba, maimaita aji ya fi masa alheri da a tura shi gaba. Wani ya ce, "Malam, ni fa ban yi boko ba." Malam ya ce, "Ai kana da kunne. In ya karanta Hausa za ka ji ko magana ce ke fitowa ko kame-kame. Kuma tatsuniya da kacici-kacici da kakarsa ke yi masa da dare, su ne ke cika masa kai da kalmomin da zai tarar a littafi. Kada a bari waya ta kore su."

Don haka, jama'a, mu ɗora kaɗan a kan ɗawainiyar da muke yi. Bayan magariba ko bayan isha'i a ware minti goma, a zaunar da yaro, a ba shi takardar da bai haddace ba ya karanta. In ya iya a yaba masa, in ya tsaya a taimaka masa ba tare da tsawa ba. Gidan da babu mai boko, akwai ɗan sakandare a maƙwabta, a roƙe shi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sau ɗaya a zango uba ya je makaranta da ƙafarsa, ya gaida malam, ya ce, "Malam, ina ɗana ya tsaya, kuma da me zan taimaka daga gida?" Malamai su daure su gaya mana gaskiya ko ba daɗi, mu kuma mu daina fushi da wanda ya faɗe ta. Hukuma ta ƙaro malamai da littattafai a aji ɗaya zuwa uku, ta sa ƙwararrun malamanta a can, domin nan ne tushe. 'Ya'yan nan amana ce a hannunmu, kada mu yarda ɗaya daga cikinsu ya bar aji uku bai iya karatu ba. Allah Ya raya mana su, Ya ba su ilimi mai amfani.